Sunana a Kan Jan Faifai

Jiya na yi wani mafarki, kuma ba da dare ba, da rana tsaka, tsakanin azahar da la'asar, a kan tabarmar zauren gidanmu a Malumfashi, da takalmi ɗaya a ƙafata. Ban yi niyyar barci ba. Fushi nake yi, ni kuwa tun ina yaro in na yi fushi barci ne ke ɗauke ni, shi ya sa ba a taɓa ɗaukar fushina a bakin komai ba a gidan nan.

Da mahaifina nake fushin, tsohon da ya haura tamanin, wanda mantuwa ta kama shekara biyu ke nan. Na zo hutun mako uku daga ƙasar da nake aiki, ƙasar da rana ke fitowa sai ka ce roƙonta aka yi. Saura kwana biyu, ranar Alhamis zan tashi. Ba na sa ran wani hutun kafin shekara biyu, kuma duk wanda ya dubi Baba ya san shekara biyu ba abin da za a yi alkawari a kai ba ne. Abu ɗaya nake so kafin in tafi: in ji ya kira sunana, in tabbata ya san ni ne. Safe da rana da yamma sai in durƙusa gabansa in ce, "Baba, wane ne ni? Faɗi sunana." A wata takarda na karanta a can cewa haka ake gwada tsofaffi. Shi kuma sai ya kau da kai ya dubi bango. Jiya da safe har sau huɗu na tambaya, a na huɗun ya ce, "Na gaji." Ƙanwata Lantana, wadda ke jinyarsa, ta ce, "Yaya, don Allah ka ƙyale shi haka nan." Na ce ba ta san kimiyya ba. Ta ce gaskiya ne, wanki ta sani, ta ɗauki bokiti ta wuce.

Dole in faɗi sana'ata, don da kayan aikina mafarkin ya yi gininsa. Baba mahauci ne, Jatau mahauci, shekara hamsin yana fawa. Ni kuma na tara digiri uku don in binciki abin da ke sa nama ja. Dangi sukan ce ɗan Jatau ya ƙetare teku ya koma fawa, sai dai tasa ba romo. A cikin tsoka da jini akwai wani sinadari, furotin, mai riƙe da wani ɗan mitsitsin abu da muke kira hem. Shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, da ƙwayar ƙarfe guda a tsakiyarsa. Ƙarfen nan ne ke kama iskar da muka shaƙa, ya riƙe, ya saki inda ake bukata. Duk sa'ad da ya saki, faifan yakan ɗan turo sama ya yi karkarwa, kuma wannan karkarwar nake aunawa. Ba ta daɗewa. In ka raba daƙiƙa gida miliyan, ka sake raba kowane gida miliyan, 'yan gidaje kaɗan take ci ta mutu. Don haka muke amfani da leza, na'urar da ke harba walƙiya gajeru ƙwarai, biyu-biyu: ta farko ta buga, ta biyu ta biyo baya ta duba. Da madubi muke saita tazarar da ke tsakaninsu. A ja shi baya kaɗan a kan ɗan layin dogon da yake kai, hanyar ta biyun ta ƙara tsawo, sai ta makara. A wajenmu nisa shi ne lokaci. Muna kuma da doka: ba a haska wuri ɗaya a jere. Kwanon da muke zuba furotin juyawa yake yi, kowace walƙiya ta sami sabon wuri, in ba haka ba ya ƙone.

To, a mafarkin na tsinci kaina a kasuwar garinmu, sai dai an ɗauke ta an ɗora a kan teburin ɗakin gwajinmu, teburin ƙarfe mai huji-huji, kuma ya ishe ta har da wurin ajiye amalanke. Kowace rumfa madubi ce. Ana ruwa, amma daga hujojin teburin yake fitowa ya tafi sama, masu laima sun riƙe ta a ƙarƙashin haɓa. A bakin shiga wani zakara ya tare ni da kwano.

"Duk abin da ke ƙyalli a ajiye a nan," in ji shi.

Na cire agogo na saka. Ya dubi sanƙona ya ce, "Wannan fa?"

Na ce ba ya ciruwa. Ya ba ni aron hula, na wuce.

Haske a kasuwar nan tafiya yake yi a hankali, ja, siriri, daidai ƙugun mutum, yana bi daga rumfa zuwa rumfa. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta wuce shi, har ta yi masa sannu da hanya. An kafa allo an rubuta an hana durƙuso, don kada idon wani ya sauko daidai hanyar hasken. Wannan ban yi mamakinsa ba, mu ma dokarmu ce. Saboda haka mutane ɗage suke yi in za su gai da manya. Na ga wani ya jingina tsani ya hau can ƙoli yana gai da surukinsa, surukin yana ƙasa yana amsawa da, "Sauko haka nan, ya isa."

Sai ga ni a wani ofis. A ƙofar an rubuta Ofishin Auna Abin da Ya Saura. Wata jar akuya ce a kan kujera, da tabarau, tana cin gefen fayil.

"Ɗan Jatau," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ubanka ne ya yanka ni, shekarar da rufin rumfar mahauta ya faɗi."

Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, ranki ya daɗe."

"Haƙurin me? Sai da ya ba ni ruwa, kuma ya ɓoye wuƙar a bayansa. Ka san mahauta nawa ne ke ɓoye wuƙa? Da wani ne ya yanka ni da yanzu masinja ce ni. Me ke tafe da kai?"

Na ce ina so in auna ko sunana yana nan a jikin mahaifina, ko har yanzu yana motsa shi. Na ce Alhamis zan tafi.

"Ka tambaye shi?"

"Sau huɗu yau."

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo ɗiban ruwa da kwando. Ta jawo aljihun tebur, ta ƙirgo walƙiya shida, ta naɗe mini a takardar siminti kamar tsire. Ɗuminsu ya ratsa takardar har tafin hannuna.

"Kowacce tagwaye ce, mai bugu da mai dubawa. Ka raɗa mata suna, ka jefa. In sun ƙare sun ƙare. A sa yaji?"

Na ce a'a. Ta buga wa takardar kofato, ta ce mai bi ya shigo.

Ɗakin gwajin ba shi da rufi, ruwa yana ta hawa abinsa. Mai kula da na'urori wani baƙin doki ne sanye da farar riga, a ƙirjinsa akwai rami da aka toshe da tsumma. Ya ga ina kallon wurin.

"Tana wurinku, Dokta," ya ce. "A kwalba, firiji na biyu, shanta ta sama."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ne, furotin ɗin da muke gwaji da shi daga zuciyar doki ake samo shi, ya zo mana gari a kwalba. Shekara goma sha ɗaya ina ɗiba da ɗan cokali, ban taɓa tambayar ta wane ce ba. Na fara ba shi haƙuri, ya kaɗa wutsiya.

"Bar shi. Kun gano wani abu a ciki?"

"Tana karkarwa in ta saki abin da ta riƙe."

"Wannan ai da kun tambaye ni," ya ce, ya yaye labule.

A bayan labulen jan faifai ne, faɗinsa ya kai tsakar gidanmu, an ɗaure shi da igiya ta kusurwa huɗu. A tsakiyarsa, daidai inda ƙwayar ƙarfe take zama, Baba ne zaune a kan kututturen da yake sara ƙashi, da shuɗiyar rigarsa, hannuwansa a cikin riga. A jikin bango wani ƙadangare mai jan kai ya maƙale, an tsoma wutsiyarsa a tawada. Doki ya ce shi ne ma'aunin: in faifai ya girgiza zai kaɗa kai, wutsiyar ta zana layi. Ya ce bai taɓa lalacewa ba, sai dai ranar Juma'a ba ya zuwa.

"A juya faifan?" Doki ya tambaya.

"In an juya wa zan samu?"

"Wani tsohon. Suna nan da yawa a layi."

"Uba ɗaya gare ni."

"To ka dai san doka."

Na san ta. A shekarata ta farko na taɓa mantawa ban kunna abin juyawa ba, na ƙona furotin ɗin da aka yi mako biyu ana haɗawa, ya yi baƙin tabo a gilashi. Duk da haka na ce a bar faifan a tsaye.

Doki ya ce a fara da abin da aka sani. Na zaro walƙiya ta farko, na raɗa mata "Lantana", na jefa. Ta tafi a hankali, 'yar'uwarta tana bin ta, ta taɓa ƙirjin Baba. Nan take faifan ya turo sama ya kama karkarwa, da ƙara kamar ganga daga nesa. Ƙadangare ya shiga kaɗa kai. Layin ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, yana raguwa har ya kwanta. Baba ya ce, "Lantana, gishiri ya yi yawa."

"Kyakkyawan layi," in ji Doki.

Ta biyu na raɗa mata sunan Tanko mai kilishi, wanda suka yi shekara goma sha biyu ba sa ga maciji da Baba, ya kuma rasu tun ina sakandare. Faifan ya fi girgiza ma. Baba ya ce, "Tanko ya dawo mini da dutsen washina." Ƙadangare har sai da ya dafa bango.

Sai na zaro ta uku. Na raɗa mata sunana, "Lurwanu." Ta tafi, ta taɓa shi, 'yar'uwarta ta duba. Faifai bai motsa ba. Ƙadangare ya tsaya cik, wutsiyar ta ja layi miƙaƙƙe. Baba ya kau da kai ya dubi bango.

Na ce wa Doki mun makara ne, karkarwar ta mutu kafin mu duba, a matso da madubi. Ya matsar da shi da kaurin gashi ɗaya. Na jefa ta huɗu, layi miƙaƙƙe. Na ce to mun yi sauri ne, a ja shi baya. Na jefa ta biyar, na ma ɗaga murya wajen raɗar. Layi miƙaƙƙe. Sai na ji ƙauri, irin na kan rago a wuta. A ƙirjin rigar Baba wani baƙin tabo ya fito, ya kai girman goro, hayaƙi yana ɗan tashi.

Baba ya ce, "Na gaji."

Na zauna a kan wani akwatin madubai. Baƙin ciki ya cika ni, kuma zan faɗi gaskiya, har da kishi. Ina kishin Tanko mai kilishi, mutumin da ya shekara ashirin da wani abu a kabari, saboda dutsen washi ya sama masa wuri a jikin ubana ni ban samu ba. Na ce a raina laifina ne, na daɗe ban zo ba, an share ni an zuba wani abu a wurin.

Doki ya ɗan tauna bakin rigarsa, sannan ya ce, "Dokta, da me kake kwatantawa?"

"Kamar yaya?"

"Layin nan miƙaƙƙe ne, na yarda. Ina na lokacin da yake da lafiya? Ku da kuke cewa awo ɗaya ba awo ba ne. Je ka kawo ranar da ya faɗi sunan, mu ɗora su gefe da gefe."

Ya sa kafaɗa ya tura madubin. Dogon ya miƙe ya fita ta ƙofa, ya ratsa kasuwa, ya yi ta tafiya har ban ga ƙarshensa ba. Ya ce kowane taku shekara ce, in yi hankali da santsi wajen shekarun ƙuruciya.

Na kama hanya da sauran walƙiyata ɗaya a hannu. A taku na goma sha ɗaya na tarar da tashar mota, ranar da zan fara tafiya waje. Ga ni tsaye da jaka, ga Baba a gabana, tazararmu ba ta fi kamu biyu ba. Ya juya ga ƙanensa, Baffa Garba, ya ce, "Ku ce masa ya riƙa rufe ƙirjinsa, an ce can sanyi ne." Na tsaya na saurara har motar ta tashi, babu suna. Na ce ba komai, gaba akwai.

A taku na ashirin da uku, ranar da sakamakon jarrabawata ya fito. Baba ya yanka rago bai sayar ba, ya yi ta rabawa a rumfa. Duk wanda ya tambayi dalili sai ya ce, "Yaron gidan nan ne ya ci wani abu a makaranta." Na bi shi rumfa-rumfa da kunne a buɗe, haka ya yi ta faɗa har naman ya ƙare.

Na zame sau biyu, na tashi. A taku na talatin da shida na ji ihu. Ranar da na ɓace a kasuwa ce, ina ɗan shekara biyar, na bi mai biri. Ga Baba yana gudu ba takalmi, da jini a hannu, ya manta wuƙa a kan kututture, yana tare mutane.

"Kun gan shi? Kun gan shi?"

Suna cewa, "Wa?"

"Shi mana! Shi!"

Wani ya ce, "Jatau, kira sunansa mana ko ya ji." Na ga bakin Baba ya buɗe. Na matso har ina jin numfashinsa. Leɓensa ya motsa, ya tsaya, sai ya cafki hannun mutumin ya ce, "Kai kira." Mutumin ne ya ƙwala kiran, ni kuma na fito daga bayan buhunan barkono ina cin rake.

Daga nan tafiyata ta yi nauyi. A taku na arba'in da ɗaya dogo ya ƙare a ƙofar wani ɗaki, ana ƙamshin ruwan zafi da kanwa. Jariri ne a zane, Baffa Garba ya sunkuya yana yi masa huɗuba a kunne. Na leƙa ko'ina ban ga Baba ba. Can na hango shi a rumfa, shi kaɗai, yana ta saran ƙashin da ya riga ya saru.

Akuyar tana zaune a kan ƙarshen dogon, ta miƙe ƙafa.

"Ka samo?"

Na ce, "Babu. Bai taɓa faɗa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ni ne ɗan fari, ranki ya daɗe."

Da na faɗa sai na ji kamar in nutse. Mutanen su Baba ba sa kama sunan ɗan fari, kunya ce, kuma ba wanda bai san haka ba a garinmu. Ni kaina na sha ba abokan aikina labarin wajen shan shayi, suna dariya ina taya su. Amma da tsoro ya shige ni, na ga takarda mai tambarin asibiti ta ce a tambayi tsoho sunayen 'ya'yansa, sai na ɗauko ta ɗungurungum na kawo Malumfashi. Kwana goma sha tara ina durƙusawa gaban mutum ina neman ya yi abin da ya shekara arba'in da ɗaya bai yi ba, ko ranar da ya zaci na ɓace.

"To me zan kai wa Doki?" na ce. "Ba layin da za a kwatanta."

"In kun haska jini," in ji akuya, "launin da ya wuce kuke rubutawa?"

"A'a. Wanda ya riƙe bai bari ya wuce ba."

"To," ta ce, ta miƙa wuya ta ci gefen hular aron.

Sai wata doguwar mace ta fito daga bayan ɗakin, ta wuce mu, ɗauke da akwatina a ka, tikitin jirgi a soke a ɗankwalinta. Ta hau dogo ta nufi inda na fito.

"Wace ce wannan?"

"Alhamis," in ji akuya. "Ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa gaisuwa. In kana da sauran aiki ka riga ta."

Na kwasa da gudu. Na wuce ta wajen shekarun jami'a, ba ta ko dube ni ba.

Na tarar da komai yadda na bari. Baba yana kallon bango, tabon yana nan, ƙadangare yana hamma. Doki ya ɗora kofato a kan madubi.

"Saura ɗaya, Dokta. A saita?"

Na buɗe takardar. Walƙiyar tana kwance ita da 'yar'uwarta, sun fara hucewa. Na yi tunanin in canza tambayar, in raɗa mata wani abu dabam, amma duk abin da na raɗa bugu ne, kuma a wuri ɗaya zai sauka. Na ji takun Alhamis a bakin kasuwa. Ban san abin yi ba, sai na yi abin da jikina ya saba yi a gaban Baba tun kafin in san leza. Na durƙusa.

"Idonka!" Doki ya yi haniniya. "An hana!"

Jan hasken ya wuce ta saman kunnena, na ji ɗuminsa. Daga nan ƙasa kuwa na ga abin da ba a gani daga tsaye. Hannuwan Baba ba a kan cinya suke ba. Sun fito ta ƙasan riga, ya dafe faifan da tafi biyu, ya danne shi da dukan ƙarfinsa. Igiyoyin nan huɗu sun miƙe har suna ƙara. Faifan yana turowa sama, shi yana maida shi. Jijiyoyin hannunsa sun tashi, damatsansa suna rawa, zufa tana ɗiga daga gwiwar hannu tana hawa sama tare da ruwa. Ƙadangare faifai aka ce ya duba, ba wanda ya ce ya dubi hannun mutum.

Sau uku na jefa masa sunan nan a ɗakin, sau uku ya danne. Na lissafa na kwana goma sha tara, na kasa ƙarasawa. Tsoho ne, tuwo ma sai Lantana ta gutsura masa. Tausayinsa ya kama ni har na ji ƙirjina yana ciwo, na kuma ji daɗi, wani irin daɗi mai kunya, don na ga nauyin abin da yake dannewa.

Na saki takardar. Ruwa ya ɗauki walƙiyar ya yi sama da ita.

"Me zan rubuta?" in ji Doki.

"Rubuta ba a yi awo ba."

Na ci gaba da durƙuso. Baba bai juyo ba. Can, da ya ji shiru ya yi tsawo, na ga yatsunsa sun fara sassautawa, ɗaya bayan ɗaya. Faifan ya ɗago. Ya fara girgiza a hankali, sannan da ƙarfi, gefensa yana bugun tebur, ƙwal-ƙwal-ƙwal, madubai suna amsawa, ƙadangare ya rasa ta inda zai fara, ƙarar tana ƙara sauri tana ƙara siriri.

Na buɗe ido. Murfin tukunya ne ya suɓuce wa Lantana a tsakar gida, yana ta juyi a kan siminti, ita kuma tana cewa kaza ce ta ja mata. Na kwanta ina saurare har ya kwanta.

Na san mafarki ba awo ba ne. Da ɗalibina ne ya kawo mini irin wannan sakamako da na ce ya je ya wanke fuska. Mai yiwuwa ne mantuwar ta riga ta cinye ni a ransa, kallon bangon kuma kallon bango ne kawai. Ba ni da na'urar da za ta raba mini biyun, kuma jibi zan tafi.

Na nemo ɗayan takalmin na shiga ciki. Baba yana kan tabarma a gindin darbejiya, an yi masa wanka, Lantana tana ɗauraye murfin. Da ya ji takuna na ga kafaɗunsa sun ɗan ɗaga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ciki-ciki. Tambayar ta taso har maƙogwarona, don ta saba da wannan lokacin, na haɗiye ta. Na koma gefe na zauna, na jawo kwandon gyaɗar da Lantana ta bari na kama ɓara.

Mun daɗe a haka. Na ɓare fiye da rabin kwandon, kaza ta zo ta sata ta tafi, aka fara kiran la'asar a masallacin bayan gida. Sai Baba ya gyara zama. Ya juya fuskarsa can wajen rijiya, inda ba ni, ya ce, "Lantana."

"Na'am, Baba."

"Wancan ya ci abinci kuwa?"

Lantana ta tsaya da murfi a hannu. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Ga shi nan kusa da kai, Baba, tambaye shi mana."

Bai juyo ba. Ni ma ban ɗago daga kwandon ba, don idona ya cika.

Na ce, "Lantana, ki ce masa na ci."